Ina Mai Son Barin Giya Zai Samu Abokan Tafiya?

Ya kai ɗalibi, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, yau za mu taɓo zancen da ake yi da raɗa a gidaje: halin mutumin da giya ta kama, yana son ya bari amma ya kasa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kebbi a shekarar 2000, mai sha ya ƙara ɓoye kansa, ga tsoro ga kunya. Ba ya da wanda zai buɗe wa cikinsa, kuma ciwon da aka ɓoye shi ne ke cin rai.

Ka tuna darasin tafsiri. Ba a rana ɗaya aka haramta giya ba. A Suratul Baƙara aka fara nuna cutarwarta ta fi amfaninta, a Suratun Nisa'i aka hana salla cikin maye, sannan a Suratul Ma'ida aka hana ta baki ɗaya. Haka nan Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda sha. Da wani ya la'ance shi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. To, ka ga mai tuba yana bukatar lokaci, yana kuma bukatar jama'ar da ba za ta kore shi ba.

Mene ne zaman taimakon juna? Taro ne na mutanen da suka ɗanɗani wannan jarabawa, wasu sun daɗe da bari, wasu jiya suka fara. Sukan haɗu a kai a kai, kowa ya faɗi yadda ya kwana da kwaɗayin abin, da dabarar da ta fisshe shi. A 1935 wasu mashaya biyu, ɗaya likita ɗaya ɗan kasuwar hannun jari, suka haɗu a garin Akron na Amurka, suka lura cewa idan suna tattaunawa da juna sun fi iya haƙuri. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. A 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, a 1989 kuma Musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami bisa tafarkin Alƙur'ani da Sunna.

Kafin neman taro, asibiti tukuna. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, cikin yini guda jiki zai kama rawa, ga zufa, ga amai. Wani har ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a kwana na biyu ko na uku kuma hankali ya gushe, ya riƙa ganin abin da babu. Wannan yana kisa. Kada a tsaya ana cewa iskoki ne, a kai shi Asibitin Sir Yahaya da ke nan Birnin Kebbi, ko babban asibitin da ya fi kusa in a Argungu kuke.

To, ina za a tambaya? Na farko, likitan da ya duba shi, ko ma'aikacin walwala na asibitin, a tambaye su ƙarara: akwai zaman masu barin shaye-shaye a kusa? Na biyu, hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Ban da kamu, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Na uku, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, inda ake duba masu irin wannan lalura. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

In an samu taro, a duba abu uku. Ana riƙe sirri? Ba a tilasta biyan kuɗi? Babu duka babu ɗauri? Ku tuna a 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Daura, wasu da sasari a ƙafa. Mari yana tsare ƙafa, amma ba ya cire kwaɗayi daga zuciya.

In kuwa taron ya yi nisa, mutum uku ma sun isa su fara nasu. Zaure mai sirri, rana tsayayya a mako, da alƙawarin cewa abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Kowa ya samu aboki guda da zai kira idan zuciya ta fara raya masa. Wanda ya koma ya sha, a karɓe shi mako mai zuwa, ya sake ɗaura niyya.

Kai kuma ɗalibi, in a gidanku abin yake, ka sani ba laifinka ba ne, kuma ba kai za ka ɗauki nauyin gyara ba. Kada ka kai zancen filin wasa. Ka sami mahaifiya, ko kawu, ko malamin da ka amince da shi, ka nuna masa wannan shafi. Allah Ya shiryi namu, Ya tsare zuriyarmu. Wassalam.