Faransa: Ɗalibai tsakanin barga da ɗakin bincike

A Faransa doka ta ƙayyade wa ɗalibin da ya fito daga ƙasashe irin su Nijar ko Nijeriya awa 964 na aikin albashi a shekara, wato ƙasa kaɗan da awa 20 a mako. Wanda ya zarce wannan adadi yana iya rasa takardarsa ta izinin zama. Ga ɗaliban da ke koyon likitancin dabbobi ko nazarin halittu a biranen Paris da Lyon, a kan waɗannan awoyi ne ake gina lissafin rayuwa baki ɗaya, tun daga kuɗin haya har zuwa lokacin barci.

Biranen biyu dai su ne mahaifar wannan fanni. A Lyon ne Claude Bourgelat ya kafa makarantar koyon likitancin dabbobi ta farko a duniya a 1761, a zamanin Sarki Louis na 15, lokacin da annoba ke karkashe shanu a Turai. 'Yan shekaru bayan haka ya buɗe ta biyu a Alfort, a gefen birnin Paris. Ta Lyon ta koma garin Marcy-l'Étoile da ke wajen birnin, inda manyan kamfanonin haɗa alluran rigakafi da kayan gwaje-gwaje suke maƙwabtaka da ita.

Ranar irin wannan ɗalibi takan fara tun da asuba. Dabba ba ta san Asabar ko Lahadi ba, saboda haka mai aiki a barga sai ya kwashe kashin dawaki, ya zuba ciyawa da ruwa, kafin ya kama hanyar aji. Da rana yana ɗakin bincike, sanye da farar riga da safar hannu, yana auna magunguna, yana wanke kwalabe, ko kuma yana sauya wa ɓerayen gwaji keji. Su ma ƙwayoyin halittar da ake reno a cikin kwalba suna da lokacin da ake sabunta musu abinci, in aka yi jinkiri sai aikin makonni ya lalace. Da dare kuma wasu kan yi jiran marasa lafiya a asibitocin karnuka da kyanwoyi, suna duba ƙarin ruwa da zafin jiki har gari ya waye.

Akwai kuma masu zagayawa da karnukan jama'a ko kula da su idan masu gida sun yi tafiya. Wannan sana'a takan ba baƙon da ya taso a Maraɗi ko Katsina mamaki, domin a can gadi da farauta aka san kare da su. A nan kuwa ɗan gida ne, yana da likitansa da katin rigakafinsa, kuma ana biyan mai yawo da shi.

To sai dai kuma kuɗin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba. A watan Nuwamban 2024 an tsayar da mafi ƙanƙantar albashi a kan Yuro 11.88 a awa. Bisa wannan lissafi, ɗalibin da ya cika awoyinsa 964 zai tashi da kimanin Yuro 950 a wata, kafin a cire kuɗin inshora da na fansho. Hayar ɗaki guda a Paris tana iya lamushe mafi yawan wannan kuɗi. A Lyon da ɗan sauƙi, ko da yake can ma samun masauki sai an sha wuya.

Aikin ɗakin bincike kuwa galibi a matsayin koyon aiki ake ɗaukarsa, don haka ba ya shiga cikin awoyin da doka ta ƙayyade. Amma ladansa ihsani ne kawai. Sai koyon aikin ya wuce wata biyu ne ya zama wajibi a biya, kuma a 2024 abin da doka ta tanada shi ne Yuro 4.35 a awa. Ke nan aikin da ya fi amfanar karatun ɗalibi shi ne mafi ƙarancin kuɗi, wanda ke ciyar da shi kuma shi ke cinye lokacin bita.

Wannan ƙunci ya fito fili a ranar 8 ga Nuwamban 2019, lokacin da wani ɗalibi ɗan shekara 22 ya cinna wa kansa wuta a gaban ofishin hukumar kula da walwalar ɗalibai a Lyon, bayan ya koka da rashin abin hannu. Ya rayu, amma lamarin ya haddasa zanga-zanga a jami'o'i da dama. A 2020 gwamnati ta ɓullo da shirin sayar da abinci a kan Yuro ɗaya ga ɗalibai masu samun tallafi. A 2019 ɗin ne kuma aka ƙara kuɗin rajista ga 'yan ƙasashen da ba na Tarayyar Turai ba zuwa Yuro 2,770 a digirin farko da 3,770 a na biyu, ko da yake jami'o'i da yawa sun yafe wa ɗalibansu ƙarin.

Duk da haka masu juriya ba aikin banza suke yi ba. Camille Guérin, wanda tare da Albert Calmette suka samar da allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai a ƙasar Hausa, a Alfort ya yi karatu. Ciwon bushiya kuma, wanda ya ƙarar da garkunan Fulani a shekarun 1890, ya sake ɓarna a Nijeriya a 1983, shi ne annobar da ta sa aka kafa makarantar Lyon. Sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da shi daga doron ƙasa, shekara 250 cif bayan kafa makarantar. Cututtukan da suka rage, kamar ciwon huhun shanu da murar tsuntsaye, har yanzu suna bukatar ƙwararru a Vom da Zariya da Yamai, irin waɗanda suka iya riƙe igiyar saniya da safe, su zauna gaban madubin gwaji da rana.