Ɓarayi Sun Yi Kukan Sata

A cikin watan Afrilu na 2013 waɗansu 'yan'uwa biyu, Patrick da Daniel Klug, masu ɗan ƙaramin kamfani a ƙasar Ostireliya, suka kai wasansu na kwamfuta kasuwa, mai suna Game Dev Tycoon, a kan kusan dala 8. A cikin wasan, mutum yakan buɗe kamfanin ƙera wasanni ne ya nemi riba.

Da yake sun san ba makawa sai an sace, su da kansu suka ajiye wani kwafi a inda ake satar wasanni, amma da tarko a ciki. Kowa ya ɗauka, da kamfaninsa ya fara bunƙasa sai ɓarayi su dinga kwashe hajarsa ba biya, har ya karye.

Ran farko mutum 214 suka saya, 3,104 suka sata. Ba a jima ba waɗansu daga cikin masu satar suka shiga kuka, wai ba a yi adalci ba, ɓarayi sun hana su cin guminsu. Har wani yana tambayar dabarar da zai toshe satar. Reshe dai ya juye da mujiya.