Daga Lekki Zuwa Zawaciki: Ina Rabon Matasa?

Yawancin atamfar da ke Kantin Kwari sai ta ƙetaro teku kafin ta iso Kano, kuma duk kwanan da kwantena ta ƙara a Apapa, kuɗin ajiya kan mai saye yake ƙarewa. Shi ya sa tsarin dogon zango na Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ya shafe mu.

A Janairun 2023 aka buɗe tashar Lekki mai zurfi, a watan ne kuma aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki. Sai dai muddin jirgin ƙasa bai haɗa su ba, kuɗin tirela zai ci gaba da cinye riba.

Mu ɗalibai, tun yanzu ya kamata mu koyi harkar fito, ƙa'idojin kwastam da lissafin kaya. In mun yi sake, wasu ne za su cike guraben.