Cunkoso a Zangon da Ba Shi da Mai Shi: Abin da Ke Rage Wa Intanet ɗin Gida Gudu a Boɗinga da Shagari

Intanet ɗin da ke shiga gida ko shago a garuruwan Boɗinga da Shagari, waɗanda ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, yana ratsa gaɓa biyu kafin ya isa wayar mai amfani da shi, kodayake mafi yawan jama'a gaɓa ɗaya suka sani. Ta farko ita ce tsakanin ƙarfen sabis na kamfanin sadarwa da rawuta, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa layi ta riƙa rarraba intanet, kuma wannan gaɓar tana tafiya ne a kan zangon rediyo da kamfanin ya biya kuɗi Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta keɓe masa shi kaɗai. Ta biyu ita ce 'yar tazarar da ke tsakanin rawutar da wayar hannu ko kwamfuta, wadda Wi-Fi ke ɗauka a kan zangon da ba a sayar wa kowa ba. Idan bidiyo ya tsaya cak ana cikin kallo, kamfani ake ɗora wa laifi, kuma sau da yawa laifinsa ne, amma akwai lokutan da matsalar ke cikin ɗakin da ake zaune.

Igiyar rediyo ana auna ta ne da yawan kaɗawar da take yi a cikin daƙiƙa ɗaya: kaɗawa miliyan ɗaya ita ce megahaz, biliyan ɗaya kuma gigahaz. Zangon da Wi-Fi ya fi zama a kai ya faro daga megahaz 2400 zuwa 2483.5, shi ya sa ake kiransa zangon gigahaz 2.4, kuma asalinsa ba don sadarwa aka ware shi ba. A taron da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta yi a Atlantic City ta ƙasar Amurka a 1947, an keɓe wasu zanguna ga injinan masana'antu da na bincike da na asibiti waɗanda ke zubar da igiyar rediyo yayin aikinsu, ciki har da murhun ɗumama abinci na maikurowef da Percy Spencer na kamfanin Raytheon ya gano hikimarsa a 1945, wanda ke aiki a kan gigahaz 2.45. A 1985 hukumar sadarwar Amurka ta ba da izinin na'urorin sadarwa masu ƙaramin ƙarfi su shiga waɗannan zanguna ba tare da lasisi ba, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya shiga zai haƙura da katsalandan ɗin da ya tarar, ba shi da inda zai kai ƙara. A kan wannan sharaɗi aka kafa ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997, aka inganta ta a 1999, kuma arahar da ta sa ya game duniya daga nan ta samo asali.

Filin ba shi da faɗin da ake zato. Tasha ɗaya ta Wi-Fi tana cin kimanin megahaz 20, wato kusan faɗin ilahirin zangon FM da dukkan gidajen rediyon FM na Sakkwato ke watsa shirye-shirye a cikinsa, saboda haka duk da cewa rawuta kan nuna tashoshi 11 ko 13, guda uku ne kawai ke iya zama tare ba tare da sun hau kan juna ba, su ne ta 1 da ta 6 da ta 11. Muhimmin abin lura shi ne ɗabi'ar da aka gina Wi-Fi a kanta, ta saurarawa kafin magana: na'urar takan kasa kunne tukuna, in ta ji motsi a tashar sai ta dakata na ɗan lokacin da ta zaɓa da ka, sannan ta sake gwadawa, in kuma saƙon da ta aika ya lalace a hanya sai ta maimaita shi, ta rage gudu domin ya isa lafiya. Halinta ya yi kama da na mai kunya a majalisar zaure, wanda ba ya buɗe baki sai kowa ya yi shiru, don haka mutum guda mai surutu ya isa ya hana shi magana har a watse.

Mai surutun da ya fi yin suna a tarihin wannan zango shi ne tarhon gida maras igiya, wanda ya ƙunshi gindi da ake jona wa layin tangaraho da kuma kan waya da ake yawo da shi a cikin gida. Irin waɗannan wayoyi sun zauna a ƙananan zanguna na megahaz 46 da 49, suka koma 900, sannan a ƙarshen shekarun 1990 suka hau gigahaz 2.4, daidai lokacin da Wi-Fi ke shiga gidajen Amurka. Da yawa daga cikinsu ba su san saurarawa ba, suna watsa murya ba ƙaƙƙautawa muddin ana hira, lamarin da ya haifar da sananniyar alamar nan ta katsewar intanet da zarar an ɗaga waya, da dawowarsa da zarar an ajiye. Turai ba ta sha wannan wahalar sosai ba, domin tun 1992 ta fitar da ƙa'idar DECT wadda ta ba wayoyin gida zangonsu na kansu daga megahaz 1880 zuwa 1900, Amurka kuwa sai a 2005 ta buɗe musu 1920 zuwa 1930, a ƙarƙashin sunan kasuwa na DECT 6.0.

A ƙasar Sakkwato wannan tarho bai taɓa yin saiwa ba, kuma dalilin a bayyane yake: layin da zai jona da shi bai iso yawancin gidaje ba. Kafin gwanjon lasisin GSM na Janairun 2001, layukan NITEL a faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, akasarinsu a ofisoshi da manyan birane, ta yadda garuruwa irin su Boɗinga da Shagari suka tsallaka kai tsaye zuwa wayar salula. Wayar tebur mai ɗaukar layin sim da ake gani a wasu shaguna ba ta cikin masu laifi, domin salula ce a cikin rigar tarho, kuma a zangon kamfani take magana. Haɗarin da ya rage yana tattare da kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka. Zangon 1920 zuwa 1930 da aka halatta wa DECT 6.0 a can ya faɗa ne cikin zangon da wayoyin salula ke aika saƙo zuwa ƙarfen sabis a tsarin 3G, wanda Nijeriya ta ba da lasisinsa a 2007, kuma gindin wayar yana fitar da sigina dare da rana muddin yana jone da wuta, ko ana kira ko ba a yi. Irin wannan waya ba ta taɓa Wi-Fi ɗin mai ita, sabis ɗin maƙwabta take dagulawa, kuma mai ita ba zai taɓa sani ba. Haka abin yake da busta, na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake kafawa a kan rufi, wadda NCC ta sha gargaɗi a kan amfani da ita ba da izini ba.

Magadan tsohon tarhon a zangon gigahaz 2.4 kuwa sun cika ko'ina. Shagon cajin waya a bakin tasha ya isa misali: wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, lasifikar Bluetooth tana tashin waƙa, mai shago yana tura wa abokin ciniki fina-finai ta Xender, wadda ke buɗe ƙaramin Wi-Fi tsakanin waya da waya, ga mai POS a gefe ya jona na'urarsa da hotspot ɗin wayarsa, ga kuma kyamarar tsaro mai aiki da hasken rana a saman ƙofa. Bluetooth yana tsalle ne a tsakanin ƙananan tashoshi 79 har sau 1600 a daƙiƙa, kuma tun 2003 aka koya masa kauce wa inda ya ji Wi-Fi, saboda haka ɓarnarsa ba ta kai ta tsohon tarho ba. Wanda ya fi cutar da Wi-Fi a yau shi ne wani Wi-Fi ɗin, domin kowace waya da aka kunna wa hotspot ta zama rawuta, kuma duk waɗanda suka haɗu a tasha ɗaya dole su riƙa jiran juna. Har mahaɗin USB 3.0 na kwamfuta yana zubar da hayaniya a wannan zango, kamar yadda kamfanin Intel ya bayyana a 2012.

Ginin gida ma yana da nasa hannun. Igiyar gigahaz 2.4, wadda tsawonta bai wuce santimita 12.5 ba, ƙarfe yana mayar da ita baya, ruwa yana shanye ta, katangar ƙasa mai kauri kuma tana rage mata ƙarfi fiye da yadda labule ko katako ke yi, musamman da damina idan bango ya sha danshi. Gidan da ke da zaure a gaba, da tsakar gida, da ɗakuna masu ƙofar ƙarfe da rufin kwano, yana jefa mai rawuta cikin tsaka mai wuya, domin na'urar tana son bakin taga ta fuskar ƙarfen sabis don ta kama layi, tana kuma son tsakiyar gida don ta wadatar da ɗakuna. Abin da aka fi gani shi ne an ajiye ta a ƙasa kusa da soket, bayan firij ko gefen randa, ko an kulle ta a kabad saboda yara, alhali ɗaga ta sama a sarari ya fi sayen sabuwa amfani. Siginar da ta riga ta raunana kuwa ƙaramar hayaniya ta isa ta rinjaye ta.

Rarrabe gaɓar da ke da laifi ba ya buƙatar injiniya. In an tsaya dab da rawuta intanet ya gudu, aka koma ɗaki ya ja ƙafa, matsalar ta cikin gida ce. In kuwa a ko'ina jan ƙafar yake yi, musamman bayan sallar isha lokacin da gari duka ke kan waya, ƙarfen sabis ne ya cika. Ƙugin da inbata ko janareta ke sa wa rediyo mai gajeren zango wani abu ne daban, domin hayaniyarsu ta fi yawa a ƙananan zanguna, nesa da inda Wi-Fi yake. Maganin da ya fi inganci shi ne komawa zangon gigahaz 5, mai tashoshi da yawa da ƙarancin cunkoso, sai dai igiyarsa ta fi saurin mutuwa a jikin bango, wanda hakan aibi ne ga ɗakin ƙurya, alheri kuma ga maƙwabci. Ko Starlink, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023 yana ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam, da Wi-Fi yake ƙarasa 'yan mitocin ƙarshe, kuma da yawa daga cikin wayoyi masu araha da ƙananan rawutocin aljihu da ake sayarwa a kasuwannin yankin zangon gigahaz 2.4 kaɗai suka iya kamawa, saboda haka wanda zai sayi sabuwar rawuta don gudun cunkoso sai ya fara duba ko wayoyin gidansa za su iya bin ta zuwa sabon zangon.