Ƙawancen NPN da NPP (1979–1981): Yadda Aka Ƙulla Shi da Yadda Ya Warware

Gabatarwa

Gwamnatin haɗin gwiwa, wadda wasu kan kira gwamnatin gamin-gambiza, ita ce wadda jam'iyyu biyu ko fiye suka haɗu suka kafa, saboda babu ɗaya daga cikinsu da ta sami rinjayen da zai ishe ta tafiyar da mulki ita kaɗai. A cikin wannan maƙala za a dubi irin wannan haɗi da aka yi a Jamhuriya ta Biyu tsakanin jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari da NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Za a bayyana dalilin ƙulla shi, da yadda aka raba muƙamai, da abin da ya kawo rushewarsa cikin ƙasa da shekara biyu, sa'an nan a duba yadda lamarin ya taɓa Jihar Kano.

Abin da Ya Tilasta Haɗin

Jam'iyyu biyar ne hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa rajista don zaɓen 1979, watau NPN da UPN da NPP da PRP da GNPP. A zaɓen shugaban ƙasa da aka yi ran 11 ga Agusta, Shagari ya zo na ɗaya da ƙuri'a wajen miliyan 5.7, Cif Obafemi Awolowo ya biyo shi da wajen miliyan 4.9. Amma doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, alhali jihohin 19 ne a lokacin. Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12. A jiha ta goma sha uku, watau Kano, inda Malam Aminu Kano ya kwashe mafi yawan ƙuri'u, abin da Shagari ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya kawo hujjar cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, don haka rubu'in sulusi biyu na ƙuri'un Kano kaɗai ake bukata. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari ran 26 ga Satumba, kwana biyar kafin rantsarwa.

Ke nan sabon shugaba ya hau kujera ana gardamar cancantarsa, ga shi kuma ba shi da rinjaye a majalisa. A Majalisar Dattawa mai kujera 95, NPN na da 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP 7. A Majalisar Wakilai mai kujera 449, NPN na da 168, UPN 111, NPP 78, PRP 49, GNPP 43. Tsarin mulkin 1979 kuwa ya hana shugaba naɗa minista sai da amincewar dattawa, ya kuma hana shi kashe kuɗi sai majalisun biyu sun yarda da kasafi. In mai karatu ya yi lissafi zai ga cewa PRP ita kaɗai ba za ta cike giɓin ba, haka ma GNPP, ita kuwa UPN tana ganin ƙwace mata aka yi. Saura NPP, wadda in aka haɗa kujerunta da na NPN za a sami 52 a Dattawa da 246 a Wakilai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Bahaushe, kuma wannan lissafi ne ya haifi yarjejeniyar.

Har ila yau akwai tarihi a bayan abin. Bayan zaɓen 1959, NPC ta Sardauna da NCNC ta Azikiwe sun kafa gwamnati tare, aka bar jam'iyyar Awolowo a adawa. Wancan haɗi ya lalace a 1964 bayan rikicin ƙidayar jama'a. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna teburin shawara a 1979 sun ga wancan zamani da idonsu.

Yadda Aka Raba Muƙamai

Ginshiƙin yarjejeniyar rabon kujeru ne. A Majalisar Dattawa, Dokta Joseph Wayas na NPN ya zama shugaba, John Wash Pam na NPP daga Filato ya zama mataimakinsa. A Majalisar Wakilai aka juya, Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakaki, Alhaji Idris Ibrahim Kuta na NPN ya zama mataimaki. An kuma ba NPP wasu kujerun ministoci, mafi girmansu ita ce ta harkokin waje, wadda aka danƙa wa Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda shi ne ya tsaya wa Azikiwe mataimaki a zaɓen.

A nan ya kamata a lura da bambanci tsakanin tsari irin na Ingila da tsari irin na Amurka, wanda Nijeriya ta ɗauka a 1979. A tsarin firayim minista, ran gwamnati yana hannun majalisa, da zarar abokin haɗi ya janye sai gwamnati ta faɗi. Alal misali, a ƙasar Bulgeriya, gwamnatin jam'iyyu huɗu ta Kiril Petkov da aka kafa a Disamba 2021 ta faɗi a Yuni 2022, makonni biyu bayan ɗaya daga cikin jam'iyyun ta fice. A tsarin shugaban ƙasa kuwa, jama'a ne suka zaɓi shugaba na shekara huɗu, shi ne mai naɗa minista, shi ne mai sauke shi. Saboda haka tun ran farko ƙarfin abokan biyu bai zo ɗaya ba. NPP na iya wahalar da Shagari a majalisa, amma ba ta da ikon kayar da shi ta hanyar janyewa kawai.

Dalilan Rushewa

Dalili na farko shi ne kowane ɓangare da irin fahimtar da ya yi wa yarjejeniyar. NPP ta ɗauka ita abokiyar mulki ce, wadda ya wajaba a shawarce ta kafin a yanke manufa ko a yi manyan naɗe-naɗe. NPN kuwa ta ɗauka ta riga ta biya da muƙamai, abin da ya rage shi ne 'yan majalisar NPP su riƙa mara wa gwamnati baya, tun da wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. NPP ta riƙa kukan ba a shawartarta, NPN ta riƙa kukan ana cin tuwonta ana jefa ƙuri'a tare da abokan hamayyarta.

Dalili na biyu shi ne gwamnoni. NPP na da jihohi uku: Anambara a hannun Jim Nwobodo, Imo a hannun Sam Mbakwe, Filato a hannun Solomon Lar. A cikin waɗannan jihohi babbar abokiyar hamayyarsu ita ce NPN ɗin da ake ƙawance da ita a Ikko. Da Shagari ya naɗa jami'an da za su wakilce shi a jihohi, gwamnonin da ba na NPN ba suka ɗauke su a matsayin kishiyoyi da aka ajiye musu don shirin zaɓe mai zuwa. A hankali gwamnonin NPP suka karkata ga taron gwamnoni tara na UPN da GNPP da PRP, masu kiran kansu 'yan ci gaba, har adadinsu ya zama goma sha biyu.

Dalili na uku, wanda ya fi sauran zafi, shi ne rabon arzikin ƙasa. Kwamitin Dokta Pius Okigbo ya ba da shawarar a ba tarayya kashi 53 cikin ɗari, jihohi 30, ƙananan hukumomi 10, a ware 7 don asusu na musamman. Majalisun biyu suka saɓa, aka miƙa batun ga kwamitin haɗin gwiwa na kuɗi, aka fito da dokar da ta ba tarayya kashi 58.5, jihohi 31.5, ƙananan hukumomi 10, shugaba ya sa hannu a farkon 1981. Jam'iyyar da ke riƙe da jihohi uku ba tare da shugabancin tarayya ba, maslaharta tana wajen ƙarin kason jihohi, don haka a kan wannan batu bukatar abokan biyu ta yi hannun riga. Daga baya, a Oktoba 1981, Kotun Ƙoli ta soke dokar a ƙarar da Jihar Bendel ta shigar, saboda ba a komar da ita gaban majalisun biyu ba.

A Yuli 1981 NPP ta ba da sanarwar wata shida cewa za ta fita. NPN ta amsa cewa ba sai an jira ba, a rabu nan take. NPP ta umarci ministocinta su ajiye aiki, wasu suka bi, amma Ishaya Audu ya ci gaba da riƙe ma'aikatarsa har 1983. Ume-Ezeoke da Wash Pam su ma suka zauna a kujerunsu, domin majalisa ce ta zaɓe su. Gwamnati ba ta faɗi ba. NPN ta koma neman ƙuri'un ɗaiɗaikun 'yan majalisa daga jam'iyyun da suka dare gida biyu.

Yadda Abin Ya Taɓa Kano

PRP ba ta cikin yarjejeniyar, amma tambayar da ta haife ta, watau a zauna lafiya da gwamnatin tarayya ko a haɗa kai da masu adawa da ita, ita ce ta raba PRP a 1980. Shugabannin jam'iyya suka hana gwamnoninta biyu, Alhaji Abubakar Rimi na Kano da Alhaji Balarabe Musa na Kaduna, halartar taron gwamnonin ci gaba, su kuwa suka ƙi bari. Daga nan aka sami 'yan Taɓo, masu bin Malam Aminu, da 'yan Santsi, masu bin gwamnonin. Shekarar 1981 ta zo da zafi. A cikinta Rimi ya ƙirƙiri sababbin masarautu, ciki har da ta Rano, wadda jama'ar Rurum da Kibiya ke kusa da ita. Ran 23 ga Yuni majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Ran 10 ga Yuli aka yi tarzoma a birnin Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Bayan fitarta, NPP ta shiga sabon ƙawance na PPA a 1982 tare da UPN da ɓangarorin PRP da GNPP, amma aka kasa daidaitawa kan wanda zai tsaya tsakanin Awolowo da Azikiwe, kowa ya tsaya da kansa. Rimi ya sauka daga gwamna a 1983 ya nemi kujerar a ƙarƙashin NPP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, ya kuma soke sababbin masarautun. Shagari ya sake cin zaɓe, sa'an nan soja suka kifar da gwamnatin ran 31 ga Disamba 1983.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa lissafin kujeru ne ya haɗa NPN da NPP, ba a kuwa tsayar da matsaya ɗaya ba a kan rabon arziki da dangantakar tarayya da jihohi, waɗanda su ne manyan batutuwan da majalisa za ta fuskanta. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin haka: ƙawancen AFC da ya kai Mahamane Ousmane ga shugabanci a 1993 ya tsage a Satumba 1994, lokacin da Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firayim minista. Duk mai nazarin ƙawancen jam'iyyu, ko haɗewarsu kamar yadda aka yi wajen kafa APC a 2013, ya kamata ya fara da tambaya uku: a kan wace manufa aka yarda, wa ke da ikon naɗi da saukewa, kuma yaya abokan haɗin suke da juna a jihohi da ƙananan hukumomi, inda ake neman ƙuri'a.