Mai Juna Biyu da Tseren Keke: Motsa Jiki Daban, Gasa Daban

Wata tambaya da aka yi mini a ɗakin awon ciki ce ta jawo wannan bayani. Mai tambayar matashiya ce mai cikin fari, sati 10. Ta daɗe tana shirin shiga gasar da ake kira tirayatilon, har ta biya kuɗin shiga wani tseren keke na 'yan sha'awa a kan titi don ta gwada ƙarfinta kafin babbar gasar. Kwatsam sai ga ciki. Maigidanta ya ce ta haƙura, uwar mijinta ta ce ko tsintsiya kada ta ɗaga, ita kuwa tana jin kanta garau. Ta dube ni ta ce, "Sista, wa ke da gaskiya?"

Wataƙila ke ba ki taɓa hawa keke ba. Duk da haka ki daure ki karanta, domin amsar ta shafi duk mai cikin da ke tsoron motsa jiki zai cutar da abin da ke cikinta.

Mece ce tirayatilon?

Wasanni uku ne a jere ba hutu: iyo, tseren keke, sannan gudu. A gasar Olamfik ana iyon kilomita 1.5, a tuƙa keke kilomita 40, a yi gudun kilomita 10. An fara sa ta cikin Olamfik a shekarar 2000 a birnin Sidni na Ostareliya. Keke ne ke cin lokaci mafi yawa a cikin ukun, shi ya sa masu shiri kan shiga tseren 'yan sha'awa don su saba da gudu cikin cunkoso da shan kwana.

Ina haɗarin yake?

Ba a murza feda yake ba, a faɗuwa yake. A wajen tsere mahaya kan cure wuri ɗaya, taya kusa da taya, kowa na fakewa a bayan na gabansa don kada iska ta tare shi. Mutum ɗaya ya taka birki ba shiri, sai ki ga an zube rututu.

A watanni uku na farko ƙashin ƙugu yana kare mahaifa. Daga sati 12 sai ta fara tasowa sama, ba abin da ke tsakaninta da kan keke ko kwalta sai fata da tsokar ciki. Bugu mai ƙarfi na iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa, kuma ta mabiyiya jariri ke samun abinci da iskar da yake rayuwa da ita. Wani lokaci jinin yakan taru a ciki, ba a ganin ko ɗigo a waje. Ban da wannan, yayin da ciki ke girma nauyin jiki yana rinjaya gaba, gaɓoɓi suna saki, don haka wadda ta ƙware ma tana iya tangaɗi.

Na biyu shi ne zafi da ƙishirwa. Mai motsa jiki tana tsayawa idan ta gaji. Mai gasa kuwa takan cije, domin ba ta so a wuce ta. Ciki ba ya son wannan cijewar.

To, a kwanta ke nan?

A'a. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki mai lafiya ta riƙa motsa jiki matsakaici aƙalla minti 150 a mako, misali minti 30 sau biyar. Hakan na rage yiwuwar kamuwa da ciwon suga da hawan jini na masu ciki, da kuma ƙiba fiye da kima. Abin da hukumar ta ce a guje wa shi ne wasan da ke da haɗarin faɗuwa ko karo, da motsa jiki cikin tsananin zafi.

Ki zaɓi tafiya da ɗan sauri, ko iyo, ko keken motsa jiki wanda ke girke wuri ɗaya. Ma'auninki shi ne bakinki: idan kina iya hira kina yi, kina daidai, idan haki ya hana ki magana, ki sassauta. Ki fita da sanyin safiya ko da yamma, da ruwan sha a hannu.

Kada ki fara sai likita ya amince idan kina da hawan jini, ciwon zuciya, ƙarancin jini mai tsanani ko cikin tagwaye, ko an ɗaure miki bakin mahaifa, ko hoto ya nuna mabiyiya ta tare hanya.

Ki tsaya nan take ki zo asibiti idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zubar jini ko ruwa ta gaba.
2. Ciwon mara mai zuwa yana dawowa kamar naƙuda.
3. Jiri, ciwon ƙirji ko ciwon kai mai tsanani.
4. Kumburi ko ciwo a sha-raɓar ƙafa ɗaya.
5. Raguwar motsin jariri.

Idan kuma kin faɗi, daga keke ne, daga babur ne, ko santsi ya kwashe ki a banɗaki, ki zo a duba ki a ranar ko da ba ki ga jini ba. Ki zo da katin awonki, domin mai rukunin jini nagetif tana iya buƙatar allura ta musamman.

Bayan haihuwa fa?

Haihuwa ba ta rufe ƙofar gasa. Kristin Armstrong ta Amurka da tirayatilon ta fara, ciwon ƙugu ya mai da ita tseren keke. Ta ci zinare a Olamfik ta 2008, ta haihu a 2010, ta sake cin zinare a 2012 da 2016. Nicola Spirig ta Suwizalan ta ci zinaren tirayatilon a 2012, ta haihu a 2013, ta dawo ta ci azurfa a 2016. Sai dai kada ki yi gaggawa. Ki bari a duba ki bayan sati 6, ɗinki ya warke, jini ya ɗauke, sannan ki fara a hankali. Wadda aka yi wa tiyata za ta jira fiye da haka.

Maigida da iyayenmu mata, hana mai ciki motsi ba gata ba ne. Ku raka ta tafiyar yamma, ku ɗauke mata ɗaukar kaya masu nauyi.

Ita kuwa waccan matashiya, na ce mata maigidanta ya yi gaskiya a kan tseren, amma ita ma tana da gaskiya da ta ƙi kwanciya. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni kuɗin da ta biya fa? Na ce tsere yana dawowa baɗi, wannan cikin kuwa sau ɗaya za ta ɗauke shi. Ta janye sunanta, ta koma keken girke da iyo, kuma ba ta fasa zuwa awo ba ko sau ɗaya.

Allah Ya raba ku lafiya, amin.