Shayin Rage Ƙiba Ba Ya Narkar Da Kitse

Na gaji da ganin yadda ake damfarar mata da sunan rage ƙiba. Da an buɗe WhatsApp ko TikTok sai a ga wata ta ɗaga kwalin shayi tana rantse-rantse, wai kwana bakwai ya isa ya zubar da tumbi. Waɗanda suka fi faɗawa tarkon nan kuwa su ne matan da suka rage tuwo har suka gaji amma sikeli bai motsa ba, ga gorin dangin miji, ga aiki tun asuba har dare.

Da yawansu matsalar homon ce ke damunsu, wato sinadaran da ke tsara aikin jiki. Akwai wadda likitoci ke kira PCOS, da ke samun kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa: al'ada ta rikice, gashi ya fito a haɓa, haihuwa ta yi jinkiri, jiki ya daina jin insulin sosai, kitse ya taru a ciki. Akwai raunin tayiroid, ƙwayar da ke gaban wuya, mai kawo kasala da yawan jin sanyi. Ɗaukewar al'ada da magunguna irin su dexamethasone su ma suna sa ƙiba.

To, ina shayi ya shigo a nan? Da yawa daga cikin irin wannan shayi ganyen filasko ne, ko wani abu mai sa fitsari. Filasko kuwa tun kakanninmu an san shi da wankin ciki. Ki sha da daddare, ki kwana kina zaryar banɗaki, da safe sikeli ya ce kin ragu. Abin da ya fita ruwa ne da bayan gida. Filasko a babban hanji yake aiki, alhali tun a ƙaramin hanji jiki ya gama tsotse abin da kika ci. Kitse na nan daram, kwana biyu da kika sha ruwa nauyin ya dawo. In kika dage a kai, jiki ya rasa fotasiyam, bugun zuciya ya rikice. Mafi muni, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake tallata su a matsayin ganye zalla, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ko da shayin bai cutar ba, ba ya farfaɗo da tayiroid, ba ya gyara insulin. Mai sayarwar ba ta gwada jininki ba, ba ta tambayi ko kina da juna biyu ba, lambar asusunta kawai ta turo miki. Masu wannan sana'a, ku ji tsoron Allah, lafiyar mutane amana ce.

'Yar'uwa, fara da asibiti. A gwada miki tayiroid da sukarin jini, a duba batun al'adarki. In an rubuta miki levothyroxine, ki sha kullum da safe kafin ki ci komai. In metformin ne, ki bi ƙa'idar likita. Magani kaɗai ba zai sauke ƙibar duka ba, amma yana share hanya.

Sannan ki rage buri. Ga mai PCOS, sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta kan taimaka al'ada ta daidaita. Mai kilo 90 ke nan kilo 4 da rabi zuwa 9 take nema, a cikin watanni. Ki fara da rage lemon kwalba, domin robar nan ta rabin lita sukarinta ya haura cokalin shayi goma. Zoɓo da kunun aya ma a sassauta musu sukari. Ki rage malmalar tuwo, ki cika kwano da zogale, rama, alayyafo, wake, ƙwai ko kifi. Ranar hutu ki dafa wake da miya ki ajiye, don kada yunwar wurin aiki ta kai ki ga fanke da cincin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Minti goma bayan kowane abinci, ko da zagayen tsakar gida ne, ya cika adadin har da ƙari. Ki nemi barcin awa bakwai, ki ajiye waya da wuri. Ki daina hawa sikeli kullum. Sau ɗaya a mako ya isa, ki haɗa da awon ƙugu da tef ɗin tela. Dawowar al'ada da raguwar haki ci gaba ne ko sikeli bai nuna ba. In an yi biki kin zarce, washegari ki koma kan tsarinki. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma maigida da 'yan'uwa, ku daina gori. Kuɗin da za a zubar a shayi, a biya mata gwajin jini da shi.